Bargon Balki da Ruwan Ɗauraya

A duk tsawon zamana a bencin tabo na gidan wankin Gwaggo Kulu, akwai wata Laraba ta watan Satumban 1991 da har yau ba ta bar raina ba. Gwaggo ta ce in ba ku labarinta da baki, ku biyun da za ku karɓi bencin idan na koma makaranta, amma na fi iya faɗinsa a takarda. Ku karanta kafin ku taɓa kayan kowa.

Ga wanda bai san gidan ba, yana Jega Firchin ne, kuma a lokacin mu huɗu ke aiki. Gwaggo Kulu, yayar babana, ita ce uwar wanki. Ita ke karɓar kaya, ita ke cewa a wanke ko kar a wanke. Hajo ce mai cuɗa da ɗauraya, gidanta na bayan katangarmu. Baba Manu yana zaure da dutsen guga. Ni kuma ina kan benci kusa da ƙofa inda haske ya fi yawa, shekarata goma sha biyar. Aikina shi ne in duba kowane tufa kafin ruwa ya taɓa shi, in gane irin tabon da ke jikinsa, in kuma gwada ko rininsa yana zuba. Gwajin ba shi da wuya. Ana jiƙa ɗan guntun auduga, a danna a gefen da ido bai kai wa, a ƙirga ashirin, a ɗaga. Idan audugar ta ɗauki launi, wannan tufan ba ya shiga baho ɗaya da wani.

Damina ce mai nauyi. Makonni kaɗan da jin an ba mu jiha, amma a unguwarmu ba wannan ake zance ba, amai da gudawa ake zance. An sallame mu daga makaranta. Direbobin hanyar Maiyama kullum da labarin ƙauyen da ciwon ya shiga. Dubagari ya zo ya rufe rijiyar gidanmu da ta maƙwabta saboda ruwan sama ya haɗa su da masai, ya ce famfon da ke wajen tasha kaɗai za a ɗiba. Ya bar wa Gwaggo gwangwanin farin garin kulorin da doka guda: duk tufan da ya fito daga gidan da aka yi ciwon, ko a jiƙa shi a ruwan maganin, ko a tafasa shi, ko a ƙone. Ba na huɗu.

Ranar Talata da hantsi wata mata ta yi sallama. Doguwa ce, ƙafafunta duk laka, tana warin albasa. Ta ce sunanta Tumba, daga Jiga Makera take, can wajen Aliero. Tana rungume da baƙar leda da aka ɗaure da igiya sau uku. Ta gaisa da kowa har da ni, sannan ta zauna a ƙasa ba ta saki ledar ba. Da Gwaggo ta tambaye ta abin da ke ciki, sai ta yi ta kewaye. Daga baya ta faɗa. 'Yarta Balki ce ta rasu kwana tara da suka wuce. Masu feshi sun ƙone tabarmarta da zannuwanta, amma wannan ta riga ta ɓoye shi a cikin rumbun albasar mijinta.

Hajo ta ja baya har ta taka sabulu. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba.

"Baiwar Allah, kin san abin da kinka ɗauko muna cikin gida?"

"Na sani, Inna. Gida ukku na je sunka kore ni."

Gwaggo ta ce ta yi haƙuri, ta kai shi bayan gari ta sa masa wuta, shi ne alheri gare ta da mu. Matar ba ta yi musu ba. Ta kwance igiyar kawai ta buɗe bakin ledar, sai na ga gefensa.

Fuskar bargo ce ta ƙyallaye. Irin wannan bargon hawa uku gare shi: fuska da ake haɗawa da guntayen tufafi, auduga a tsaka, sai zanen baya. Wannan fuskar ce kaɗai, ba a kai ga sauran ba. Kowane ƙyalle bai wuce tafin hannu ba. Abin da ya riƙe idona shi ne ɗinkin. Ƙanana ne, a jere, tazararsu ɗaya, kamar ba da hannu aka yi ba. Na yi shekara biyu ina ajin ɗinki a makaranta ban taɓa ganin wadda ta iya haka ba, har malamarmu.

Ban cika magana a gaban baƙi ba. Ranar ban san lokacin da na ce a bari in gwada ba. Hajo ta ce to fa, 'yar boko ta yi baki, yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Gwaggo ta daɗe tana kallona, sannan ta gindaya sharaɗi. In sa leda a hannu biyu, in yi aikin a ƙarshen tsakar gida, in wanke hannu da ruwan magani duk lokacin da na tashi. Kuma dokar dubagari tana nan, ko magani ko wuta.

Na baza shi a kan tsohon kwanon rufi. Ƙyalle ɗari da arba'in da huɗu ne, layi goma sha biyu. Tabo iri uku na samu. Akwai babban tabo mai ruwan ƙasa a tsakiya, Tumba ta ce jiƙon sassaƙe ne da aka yi ta ɗura wa Balki yana dawowa. Da bargon aka lulluɓe ta, don zannuwan ɗakin duk sun ƙare. Akwai fumfuna baƙi-baƙi a inda aka naɗe, saboda kwana tara a leda da danshi. A kusurwa ɗaya kuma allura na nan a soke da guntun zarenta, ta yi tsatsa ta ɓata ƙyalle biyu.

Ina gwaji Tumba na zaune nesa kaɗan tana faɗa mini asalin kowanne. Wannan daga rigar sallar ƙanen Balki. Wancan daga wani tela na kasuwar Jega da ke tara mata guntaye. Wani rawaya mai zanen 'yan tsuntsaye daga zanen farko da aka ɗaura mata tana 'yar shekara huɗu. Shekara uku Balki tana haɗa shi, ta ce na uwarta ne, saboda sanyin fadama lokacin dashen albasa.

Na gama bayan azahar. Goma sha ɗaya baƙaƙe ne na rinin marina, daga tsohuwar rigar babanta, kuma duk suna zuba. Shida jajaye ne na wani yadi mai araha, su ma suna zuba. Farare sun kai arba'in. Na yi wa Gwaggo bayani: kulorin zai cinye launin duka, tafasa kuma za ta saki baƙin da jan. Hanyar da aka saba ita ce a farke ɗinkin waɗannan goma sha bakwai, a dafa su dabam, a mayar a ɗinke. Gwaggo ta ce haka za a yi. Tumba ta miƙe tsaye.

"A'a. Kar a yanke zare ko guda."

Gwaggo ta ce ai 'yar nan ta iya ɗinki, za ta mayar yadda yake.

"Nata ɗinkin za ta sa, ba na Balki ba. Tsumma kowa na da shi, Inna. Ɗinkin ga shi kaɗai na hannunta da yar rage min."

Baba Manu da ke jin mu daga zaure ya yi gyaran murya ya ci gaba da guga. Gwaggo ta gaya mata gaskiya, cewa idan aka dafa shi a haɗe ba ta ɗaukar alkawarin launi. Tumba ta juyo ta tambaye ni ko akwai dabara. Na ce akwai. Rini ba ya ɓarna lokacin da yake fita, sai lokacin da ya samu wurin zama. Idan ruwan na da yawa, ana juyawa ba tsayawa, aka fitar aka ɗauraye nan take a ruwan sanyi sau biyar ko shida, sannan aka baza shi ba tare da wani ƙyalle ya kwanta kan wani ba, yawanci farin yana tsira. Na faɗa da ƙarfin gwiwa domin na taɓa yi da zanen gado. Ta ce za ta dawo Talata mai zuwa. Allurar kaɗai ta yarda na zare, ta soke ta a bakin mayafinta ta tafi.

Da la'asar ni da Hajo muka yi sawu tara zuwa famfon tasha. Muka cika duro ɗaya da randuna huɗu. Duron na tukunya ne da ɗaurayar farko, randunan na sauran ɗauraya. Hajo na ta yi mini tsiya a hanya, wai in na gama da bargon matattu sai in buɗe nawa gidan wankin a maƙabarta.

Laraba da safe Hajo ba ta zo ba. Aka aiko cewa 'yarta Luba, mai shekara shida, ta tashi da ciwon ciki, ana neman motar da za ta kai ta inda ake kwantar da masu ciwon. Gwaggo ta leƙa ta dawo ta ce yarinyar na shan ruwan gishiri da sukari, da sauƙi. Na ce ko a ɗage aikin. Ta ce fumfuna ba ta jira, kuma ba ta son abin nan ya ƙara kwana a gidanta a yadda yake. Ita za ta kama mini.

Muka ɗora babbar tukunyar ƙarfe, na zuba gishiri kwano guda da garin sabulu. Da ta tafasa muka saka bargon. Kafin in ƙirga hamsin ruwan ya koma kamar zoɓon da aka zuba wa tawada. Wannan bai tsorata ni ba, na san za a yi haka. Ina juyawa da taɓarya, Gwaggo na ɗebe baƙin ruwan da ƙwarya tana ƙara sabo daga duro. Dubagari ya ce minti goma bayan tafasa. Muna cikin na bakwai ko na takwas muka ji kukan Hajo ta bayan katanga.

Gwaggo ce ke wankan gawar mata a unguwarmu. Ta ajiye ƙwaryar ta yi salati. Ba a jima ba mata uku suka shigo da bokitai. Rijiyoyin unguwa a rufe suke, layin famfo ya kai awa biyu, gawar mai ciwon nan kuma ba a barin ta ta jima. Duk unguwar ba gidan da ke da ruwa mai tsabta a tare sai namu. Ba su roƙa ba, Gwaggo ma ba ta tsaya shawara ba. Ina tsaye da taɓarya a hannu suka kwashe randuna huɗun da abin da ya rage a duro. Ban hana su ba, kuma ko yau aka sake ba zan hana ba.

Gwaggo ta ɗauki gwangwanin magani da mayafinta. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Mairi, hidda shi yanzu ki baza ga igiya, ko ba ɗauraya. Kin jiya?"

Na ce na ji.

Na janye itacen, na ciro shi da taɓarya da wani guntun gora, na jefa a daro. Yana da nauyi, tururi na dukan fuskata. Na ja daron zuwa gindin igiya. To igiyar shanyarmu ta fi katanga tsawo, kun gani da idonku, kuma katangar ta wajen titi ba ta kai kafaɗar babba ba. Kafin in ɗaga shi maza sun fara taruwa a wajen. An shimfiɗa tabarmi a jikin katangarmu saboda inuwar dalbejiya. Ina jin muryar liman, ina jin mijin Hajo yana amsa gaisuwa da ƙyar. Baba Manu ya rufe zaure ya ɗauki gatari ya bi masu haƙa kabari.

Na kama kusurwa biyu na ɗaga har gwiwa, sai na tsaya. Abin ja ne da rawaya da kore, faɗinsa ya kai ƙofar zaure biyu. Idan na baza shi zai tsaya ne daidai saman kawunan masu zaman makoki, yana ɗiga, kowa ya san gidan Kulu ana wanki alhali 'yar ma'aikaciyarsu na kwance ba a ko sa ta a likkafani ba. Kuma sai na hau turmi kafin in kai igiyar, duk su gan ni. A ƙasa ba wurin bazawa, tsakar gidan laka ce, kwanon jiya kuma ban wanke shi da magani ba. Na ce a raina bari in jira su ɗauki gawar, ba zai wuce rabin awa ba. Na mayar da shi daron a dunƙule, na kifa baho a kai don kar a gani, na ɗauki bokiti biyu na fita ta ƙofar baya zuwa famfo.

An daɗe ba a ɗauki gawar ba domin an jira ma'aikacin lafiya. Ni ma layi ya riƙe ni. Da na dawo an wuce azahar, tabarmin ba kowa. Na ɗaga bahon. Har lokacin da ɗumi.

Duk inda baƙin ƙyalle ya kwanta kan fari, ya bar hotonsa, kusurwa huɗu cif, har layin ɗinkin ya fito. Jajayen sun koɗe sun koma kalar bulo, jan da suka zubar ya bi ta cikin ninki ya yi rassa. Farare arba'in ɗin ba ko ɗaya da ya rage fari. Wasu toka-toka, wasu kalar hanta. Na zuba bokiti biyun a kai, ruwan ya fito kusan garau. Rinin ya riga ya zauna.

Gwaggo ta dawo da la'asar, hannayenta sun yi fari saboda magani. Ta duba daron, ta duba igiyar da ba komai a kanta, ta dube ni. Ta tambaya ko na baza. Na ce a'a, na faɗi dalili. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in kawo mata ruwan alwala.

Kwana biyar na yi a kansa, ni ke ɗebo ruwana. Kullum da safe in jiƙa shi a ruwa mai yawa da sabulu, ina motsawa, in zubar in sake. Fumfunar na shafa mata tsamin nono na sa a rana, ta tafi sai ɗan inuwarta. Tsatsar lemun tsami da gishiri suka ɗauke ta. Tabon jiƙon, wanda saboda shi aka fara komai, ya fita tun a tukunya. Hoton baƙaƙen ƙyallen ya yi sauƙi da kamar rabi, daga nan ya tsaya. A rana ta biyar na ga wani tsohon yadi ya fara sakin jiki, na san idan na ƙara zai yage, sai na bari. Na bi layi goma sha biyun da yatsa, zare ko ɗaya bai tsinke ba.

Tumba ta zo Talata kamar yadda ta ce. Gwaggo ta so ta yi mata bayani, na ce ni zan yi. Na baza shi a kan tabarma, na faɗa mata komai a jere, da ruwan da aka kwashe, da abin da Gwaggo ta umarce ni, da abin da na yi. Ban tsallake komai ba.

Ta durƙusa ta fara bin ƙyallen da hannu. Ta nuna ɗaya ta ce na rigar salla ne, sai ta ce a'a, ba shi ba ne. Ta koma farkon layi. Na gane abin da take nema, rawayan nan mai tsuntsaye. Na san inda yake, layi na biyar, na uku daga dama, baƙi biyu ne suka kwanta a kansa. Na nuna mata. Ta kai fuskarta kusa ta daɗe. Ta ce ba ta ga tsuntsayen ba.

Sannan ta kama wani layin ɗinki ta ɗaga wajen haske.

"Kin yanke?"

"Ban yanke ba, Inna."

"Da hwarin zare tay yi shi."

Gaskiya ne. Zaren auduga ne, ya sha rini fiye da komai, ya koma shuɗi mai duhu tun daga farko har ƙarshe. Ni da ake cewa ina da ido, kwana biyar ina kallonsa ban lura ba.

Ta naɗe shi da kanta, a hankali, fuskar a ciki. Na ɗauka za ta zage ni, na ma fi son ta zage ni. Sai ta tambayi shekarun yarinyar da ta rasu. Na ce shida. Ta tambaya ko uwar na nan kusa. Gwaggo ta ce bayan katanga. Ta sa bargon a hammata ta ce in raka ta ta yi gaisuwa. Na kai ta ƙofar ɗakin Hajo na tsaya a waje. Ta kusa awa guda a ciki, da ta fito ta kama hanyar tasha, ba ta sake biyowa ta gidanmu ba. Ban ƙara ganinta ba.

Hajo ta dawo aiki bayan kwana arba'in. Ba ta ƙara kira na 'yar boko ba, kuma ba ta taɓa tambayar yadda aka ƙare da bargon ba.

Abin da nake so ku ɗauka ba shi da yawa. Ku gwada kowane ƙyalle, kar ku ce wannan ya yi kama da wancan. Ku tambayi mai kaya abin da ya fi so a tsare masa, domin ba kullum ne launi ba, kuma kar ku yi saurin cewa akwai dabara kamar yadda na yi. Mutanen da ke kawo mana irin wannan kayan ba sa iya sayen wani a kasuwa. Ruwan da aka kwashe ba laifin kowa ba ne, a unguwa irin tamu za a sake kwashewa, kuma ku bari a kwashe. Abin da ke hannuna ranar shi ne turmi da igiya, minti biyu kawai. Daga baya na tambayi Baba Manu ko mutane za su yi magana da na shanya. Ya ce shi bai tuna ko akwai igiya a wurin ba, kowa ƙasa yake kallo.

Idan kun fitar da mai zuba daga ruwan zafi, ku baza shi nan take, ko wa ke zaune a bayan katanga.